Hazo Ya Tsare Mu a Kano, Jirgin Malawi Ya Tafi Ya Bar Mu

Filin Tambaya da Amsa, tare da Baba Fasto

TAMBAYA

Baba, barka da aiki, ya gajiya, ya Mama da yara? Ni ma'aikaciyar jinya ce, maigidana kuma mai bishara. Ikilisiyarmu ta aike mu aikin mishan a kudancin Malawi, wajen Mangochi, cikin mutanen Yao. Mun zo gida hutun Kirsimeti, muka shirya komawa a watan Janairu tare da ƙaramin ɗanmu. Don mu rage wa ikilisiya nauyi sai muka sayi tikiti kashi biyu: na Kano zuwa Legas da sassafe a wani kamfani, na Legas zuwa Lilongwe ta Addis Ababa da rana a wani kamfanin daban.

Ranar tafiya gari ya waye da hazo, ko motar da ke gabanka da ƙyar kake gani. Aka ce mu jira awa ɗaya, aka ƙara biyu, har la'asar ta yi babu jirgi babu labarinsa. Da muka isa Legas da dare, namu jirgin ya daɗe da tashi. Washegari aka ce mana tunda ba mu zo ba kuma ba mu sanar ba, sai mun biya tara da cikon kuɗi kafin a ba mu wata kujerar. Kwana uku muka yi a ɗakin wani ɗan'uwa. Faston da ya taso daga Mangochi don ya tarbe mu ya kwana a Lilongwe a banza, don babu wanda ya tuna ya gaya masa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganganun da suka biyo baya. Wani dattijo a ikilisiyarmu ya ce alama ce Ubangiji ya rufe mana ƙofar Malawi. Wata mama a zumuntar mata ta ce aikin Shaiɗan ne, a shiga azumi. Maigidana kuwa ya hana ni yi wa ma'aikatan magana, wai bawan Allah ba ya jayayya a kan kuɗi. Baba, me wannan jinkiri yake nufi? Laifi ne in nemi haƙƙinmu? Kuma yaya za mu shirya nan gaba?

'Yarka cikin Ubangiji, daga Kudancin Kaduna.

AMSA

'Yata, sannu da wahala, sannu da ɗawainiyar yaro a kan benci. Ki gaishe mini da dattijon nan da mamar zumunta, na san ƙauna ce ta sa suka yi magana. Amma abin da ya tsare ku a Kano ƙura ce. Iskar hunturu ke kwaso ta daga hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta shimfiɗa ta a kan ƙasar Hausa daga ƙarshen Nuwamba har cikin Maris. Kowane filin jirgi yana da iyakar nisan da dole matuƙi ya iya hangowa kafin a yarda ya sauka, in hazo ya kai ƙasa da wannan iyaka to ko wane ne a ciki sai ya haƙura. Jirgin da zai kwashe ku sai ya fara sauka kafin ya tashi da ku, shi ya sa kuka ga fili fayau babu jirgi. A ranar nan an tsare 'yan kasuwa, an tsare masu zuwa asibiti, an tsare 'yan siyasa. Da wuya a ce duk an rufe musu ƙofa ne saboda ku.

Ban ce Allah ba ya hana bawansa tafiya ba. A Ayyukan Manzanni sura 16 Ruhu Mai Tsarki ya hana Bulus shiga Asiya, ya kuma hana shi Bitiniya, har ya gangara Taruwasa ya ga wahayin mutumin Makidoniya. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Tasalonikawa, 2:18, ya ce ya so zuwa wurinsu ba sau ɗaya ba amma Shaiɗan ya tare hanya. To kin ga dattijo yana da aya, mama ma tana da tata. Sai dai ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 27, inda aka fi ba da labarin tafiyar Bulus dalla-dalla. A can Luka, marubucin littafin, bai ambaci ko ɗaya daga cikin biyun ba. Cewa ya yi iska tana gaba da su, jirgi yana tafiyar hawainiya kwana da kwanaki, lokacin Azumin Yahudawa ya riga ya wuce, wato kaka ta yi nisa kuma teku ya zama abin tsoro. Bulus ya ba da shawara a dakata, aka ƙi ji, aka bi maganar matuƙi da mai jirgi. Mutum 276 suka yi mako biyu guguwa tana wasa da su, jirgi ya farfashe, suka yi wata uku a tsibirin Malita kafin su sami wani. Duk da haka Roma ɗin da aka ce zai je, ya je.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne Bulus ya san kalandar teku. Ya gaya wa Titus ya same shi a Nikafolis domin a can zai ci hunturu. Ya roƙi Timoti ya yi ƙoƙari ya iso kafin hunturu, ya kuma taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa. Mutum ne mai wahayi, amma yana duba wata kafin ya ɗaure kaya. Ke ma kin san watan hazo tun kina goye.

Kira kuwa ba a filin jirgi ake tabbatar da shi ko a soke shi ba. Ikilisiya ce ta yi addu'a ta ɗora muku hannu, in akwai shakka a koma can a zauna da hukumar mishan a tsanake. Mutum ukun da suka fara aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), Gowans da Kent da Bingham, sun sauka Legas a Disamban 1893. Cikin 1894 biyu suka rasu, daga baya Bingham, wanda ya sha fama da zazzaɓi, ya koma gida. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Dattijonku ya san wannan tarihin, ki tuna masa da ladabi.

Yanzu ga maigidanki, kuma ki karanta masa wannan ɓangaren da kyau. Ɗana, kuɗin tikitin nan ba naka ba ne. Baikon gwauruwa ne, da kuɗin wake da masarar da mata zumunta suka sayar, da abin da matasa suka tara ranar Lahadin mishan. Wanda aka ba amana ba shi da ikon yafe ta don a ce yana da tawali'u. Bulus ɗin nan da muke magana a kansa, da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, sannan aka aiko a sallame shi a ɓoye, ƙin fita ya yi, ya ce mahukunta su zo da kansu. A Urushalima ana miƙe shi za a tsula masa bulala ya tambayi jarumin ko doka ta yarda a yi wa ɗan ƙasar Roma haka. Bai zagi kowa ba, bai ɗaga murya ba, doka kawai ya ambata. Abin da aka hana mu shi ne cin mutunci. Yarinyar da ke bayan kanta ba ita ta kawo hazo ba, kuma tun asuba take shan zagi. Ka gaishe ta, ka tambayi gajiyarta, sannan ka faɗi abin da kake nema a fili, ka kuma tsaya har a ba ka amsa.

To mene ne haƙƙin naku? A nan gida hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, tana da dokar kare fasinja, kuma tana da jami'ai a manyan filayen jirgi da aikinsu ke nan. A jirgin cikin gida, in jinkiri ya kai awa 2 ya kamata a ba ku abin taɓawa da abin sha. In ya kai awa 3 kuna da ikon cewa kun fasa, a mayar muku da kuɗinku. In ya kai ku tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, masauki da motar zuwa can suna wuyan kamfani. Amma diyya ta kuɗi ba a biyanta in yanayi ne sanadi, don haka a ranarku kada ki sa rai da ita. Akwai kuma yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ta shiga, da ta ɗora wa kamfani alhakin asarar da jinkiri ya jawo a tafiyar ƙasa da ƙasa, sai fa in ya nuna ya yi duk abin da zai yiwu. Wannan da rasit take aiki. Rasit ɗin abinci, na tasi, na otal, katin shiga jirgi, hoton allon da ke nuna jinkiri, duk a adana. Ki kuma roƙi kamfani ya rubuta miki dalilin jinkirin a takarda ko ta imel, don kamfanin inshora ma abin da zai fara tambaya ke nan.

Inda kuɗinku ya zube na ainihi shi ne tikiti kashi biyun nan, kuma ba ku kaɗai ba ne, na ga 'yan mishan da yawa sun faɗa ramin. Araha ba ta ado. In tafiya duka tana kan tikiti ɗaya, mai lambar ajiye kujera ɗaya, jirgin farko ya makara har na biyu ya wuce, kamfani ne zai nema muku wani jirgin ba tare da kun ƙara sisi ba, kayanku ma shi zai bi da su. In kuwa kashi biyu ne, kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba. A wurinsa ku fasinjoji ne da suka ƙi zuwa. Mafi muni, wanda bai hau zangon farko ba yawanci kwamfuta takan soke masa sauran zangunan duka, har da na dawowa. Da tun kuna Kano, da kuka ga ƙarfe tara ta wuce babu motsi, kun buga wa ejan ɗin da ya sayar muku da tikiti ko kamfani na biyu waya kuka ce a ɗaga muku rana kafin jirgin ya tashi, da abin da za ku biya bai kai haka ba. Kiran nan shi ne abu na farko, kafin kuka, kafin a sanar da ikilisiya.

Nan gaba, ku fara tambaya ko akwai jirgin ƙasa da ƙasa da zai ɗauke ku daga Kano ko Abuja kai tsaye a kan tikiti ɗaya. In dole sai ta Legas da tikiti biyu, ku tafi Legas kwana ɗaya kafin ranar, a watannin hazo ma kwana biyu. Ikilisiyoyinmu na Hausa suna nan a Legas, gidajen baƙi na mishan suna nan, kuɗin kwana ɗaya bai kai rabin tarar da kuka biya ba. Ku zaɓi jirgin safe, domin jirgi ɗaya ne ke zagaya garuruwa huɗu ko biyar a yini, kowane latti yana taruwa a kan na yamma, ga shi wasu filayenmu ba sa karɓar jirgi bayan faɗuwar rana, ma'aikatan jirgi kuma doka ta ƙayyade musu awannin aiki, in sun cika sai gobe. Sakataren mishan ɗinku ya binciki ejan-ejan da ke sayar da tikitin musamman na 'yan mishan da masu aikin agaji. Ba kullum ya fi araha ba, amma canza rana a kansa yana da sauƙi, sau da yawa kuma akan ƙara nauyin kaya. Sannan kada a sa muku wa'azi ko buɗe asibitin sha-ka-tafi washegarin ranar sauka. A bar rana biyu fanko.

Faston nan da ya kwana a Lilongwe ya ba ni tausayi fiye da ku, gaskiya. Wataƙila aron mota ya yi, man kuma daga aljihunsa. Kafin ku bar gida ku naɗa mutum ɗaya, ɗaya tak, wanda ke da lambar kowa: mai tarba, sakataren mishan, ejan, iyaye. Ku aika masa saƙo, shi ya rarraba. Mai tarba kuma a ba shi lambar jirgi, a ce kada ya taso sai an gaya masa kun hau na ƙarshe. Ki lura da agogo: Malawi tana gaban Najeriya da awa ɗaya, Habasha da awa biyu. A Addis kuma mutanen gari suna fara ƙirga awa daga wayewar gari ne, abin da muke kira ƙarfe takwas na safe su ƙarfe biyu suke ce masa. In direban otal ya faɗa miki lokaci, ki sa ya rubuta, ki gwada da na kan tikiti.

Jakar hannu ki shirya ta da zaton babban akwati ba zai iso ba sai bayan kwana biyu. Maganin yaro da naku duka a ciki, da kayan sauyawa, da caja da fawa banki, wanda dama ba a yarda a sa shi a babban akwati ba. Gorar ruwa ki wuce da ita fanko ki cika a ciki. Ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, biskit, abin da za a cinye a hanya, don ƙasashe da yawa ba sa barin a shiga da nama. Dala ƙanana sababbi marasa yagewa, domin katin banki na naira ba abin dogaro ba ne a waje. Fasfo, katin rigakafin shawara, takardar izinin zama da wasiƙar gayyata, kowanne da kwafi a takarda da hoto a waya. Ki duba ranar ƙarewar bizarku ko izinin komawa, kada ku yanke tafiya dab da ita. Da rigar sanyi. Addis tana kan tudu sama da mita 2,300, sanyin darenta ya fi na Jos.

Sanyin nan na san shi. Wani dare hadari ya makarar da mu daga Legas, muka sauka can jirgin gaba ya tafi. A layin kanta wata Hajiya, tsohuwa, tana riƙe da fasfo da wata takarda da jikanta ya rubuta mata, ma'aikaci yana yi mata Turanci tana ce masa "to, to" alhali ba ta ji ko ɗaya ba. Na matsa na ce, "Hajiya, sannu da hanya, bari in ji me yake cewa." Ta kama hannun rigata ba ta saki ba har aka buga mata sabon katin shiga jirgi. Wani Alhaji ɗan Kantin Kwari mai hanyar Guangzhou, wanda ya san filin lungu-lungu, shi ya nuna mana inda iska ba ta bugawa, ya kwance ƙullin kilishi ya ajiye a tsakiya. Da asuba na tsare musu jakunkuna suka je salla, da suka dawo suka tsare mini tawa na koma gefe da Littafina. Ya tambaye ni sana'ata, na gaya masa, ya ce Allah ya ba da sa'a. Ke ma'aikaciyar jinya ce mai jin Hausa da Turanci, a irin wannan dare ba za ki rasa wanda ke bukatarki ba.

Gargaɗi ɗaya a kan wannan. Wasu matasanmu in an tsare su sai su ce ai dama ce ta bishara, su fara raba takardu. In hanyarku ta bi ta Dubai ko Doha, ku sani dokar ƙasashen nan ta hana yi wa Musulmi wa'azin wani addini, filin jirgi kuma ƙasarsu ce. Wanda ya tambaye ka, ka amsa da gaskiya da ladabi. Takardun ka bar su a jaka.

TAMBAYA

Baba, ina wuni. Ni ɗalibin makarantar tauhidi ne, an gayyace ni horon wata uku na aikin mishan a Amurka, zan bi ta Jamus. Wani abokina ya ce in jirgi ya makara a Turai yuro 600 ake ba mutum nan take. Gaskiya ne?

Ɗanka, daga Jos.

AMSA

Ɗana, da gaskiya a ciki, amma cire "nan take". Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 ce. Tana aiki a kan duk jirgin da ya tashi daga ƙasar Tarayyar, ko na wane kamfani ne, da kuma jirgin da ya nufi can daga waje in kamfanin na Turai ne. In ka isa inda tikitinka ya ƙare da lattin awa 3 ko fiye, diyyar yuro 250 ce a gajeren zango, 400 a matsakaici, 600 a zangon da ya wuce kilomita 3,500, kodayake a dogon zango ana iya raba ta biyu in lattin bai kai awa 4 ba. Sai ka rubuta ka nema, sau da yawa ka sake rubutawa. Ingila tana da irin tata, da fam ake biya. Amurka ba ta da dokar diyya irin wannan, abin da take da shi shi ne a mayar maka da kuɗinka in jinkirin ya yi tsawo kuma ka fasa tafiyar.

Ba a biyan diyyar in abin ya fi ƙarfin kamfani, kamar guguwa ko rufe sararin sama. Amma abinci da masauki suna nan a wuyansa ko mene ne sanadi. A Afrilun 2010 da dutse ya yi aman wuta a Iceland, tokarsa ta rufe sararin Turai kusan mako guda, aka soke tashin jirage wajen 100,000, daga baya kotun Tarayyar ta ce ko a irin wannan hali dole kamfani ya ciyar da fasinja ya kwantar da shi.

Abin da abokinka bai gaya maka ba ya fi yuro 600 muhimmanci. Mai fasfon Najeriya yana bukatar bizar wucewa ko da canjin jirgi kawai zai yi a ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, har da Jamus. Bizarka ta Amurka mai rai tana ɗauke maka wannan, amma iyakarta cikin filin jirgi. In jirginka na gaba ya kwana, za a kwashi sauran fasinjoji zuwa otal a cikin gari, kai ɗan sandan kan iyaka ba lallai ya bar ka ka fita ba. Don haka da an sanar, ka je kantar masu canjin jirgi ka faɗa musu kai tsaye cewa ba ka da bizar shiga gari. Ka tambaya ko akwai ɗakin kwana a cikin fili, ka nemi takardar cin abinci da bargo, ka kuma roƙa a duba maka wata hanyar da za ta fitar da kai a daren, ko da a jirgin wani kamfani ne. Kafin ka yarda da sabuwar hanya ka tabbatar ba ta bi ta ƙasar da za ta nemi wata bizar ba, kuma ba ta haɗa da canjin jirgi biyu a cikin Schengen ba, domin tashi daga Frankfurt zuwa Faris tamkar jirgin cikin gida ne a wurinsu, sai mai cikakkiyar biza ke hawansa.